Ɗan Hutu Da Mai Gida

Duk shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu kuma ya soma busowa, sai katunan ɗaurin aure su yi ta sauka a zangunan Hausawa na Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun da Shagamu da Anaca. A da ɗan aike ne ke kawo su tare da ƙullin goro, ko kuwa a sako su cikin wasiƙa ta gidan waya. Yanzu cikin wayar hannu suke faɗowa, wani lokaci uku ko huɗu a yini guda. Mafi yawan waɗanda ake gayyata su kan aika da gudummawa ne, su haɗa da ban haƙuri, shi ke nan an fita hakki. Amma a kan sami wanda za a ɗaure da igiyar da ba ta kwantuwa, watau a aiko masa cewa shi ne waliyyin amarya.

Irin wannan igiya ce ta jawo wani magidanci daga Agege zuwa Nguru cikin watan Disamban da ya wuce, bayan ya yi shekara kusan arba'in bai taka garin ba. Danginsa na can ba su kiransa da sunan yanka, Ɗan Ikko suke ce masa tun yana yaro, saboda haka da wannan suna za a kira shi a nan. Labarinsa ya cancanci a ba da shi, domin akwai ɗaruruwan masu irinsa a Kurmi, kuma abin da ya taras a gidan kakansa yana jiran da yawa daga cikinsu.

Mahaifinsa haifaffen Nguru ne, fatauci ya kai shi Kudu. Ya kan sauko da naman banda da busasshen kifi a jirgin ƙasa, ya koma da huhunan goro, har dai Agege ta riƙe shi, ya yi aure, ya yi gida. Sai dai bai yarda 'ya'yansa su tashi ba su san inda aka binne cibiyar ubansu ba. Saboda haka tun daga tsakiyar shekarun 1970, duk sa'ad da makaranta ta ba da dogon hutu, sai a haɗa wa babban ɗansa 'yar akwatin kwano da tabarma, a damƙa shi hannun wani bafatake mai zuwa Arewa.

Wanda bai yi tafiyar nan ba da wuya ya gane abin da take a zuciyar yaro ɗan shekara takwas. A Iddo ake shiga, domin wanda ya jira jirgi a Agege ba ya samun benci. Daga nan sai Abekuta, sai Badun, sai Oshogbo da Offa da Ilori, kurmi yana raguwa sannu a hankali, harshen masu talla a bakin taga yana sakewa. In an zo gadar Jabba kowa sai ya tashi ya leƙa Kwara, tsofaffi suna salati, yara suna ƙirga kwale-kwale. Sa'an nan Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, har a ga badalar Kano. Mil 700 ke nan, kuma jirgin ba ya sauri don kowa. A kan kwana a Fagge wurin mai masaukin uban, kashegari a nemi jirgin Nguru, wanda ke bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, tafiyar mil 140 da 'yan kai, cikin rairayi da goruba. A Nguru dogo ya ƙare. Akwai wani ƙarfe da aka gicciye a ƙarshensa, yaron nan kuwa ya daɗe yana zaton cewa ƙasar Nijeriya ma a nan ta tsaya.

Dogon nan shi ya yi garin. A shekara ta 1930 aka gama shimfiɗa shi daga Kano, nan da nan kamfanonin Turawa da Kwarori da Larabawa suka kafa kantuna da rumbuna a bakin tasha, suna awon gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga. Ayarin raƙuma na zuwa daga ƙasar Nijar da kanwa da mangul, shanu na shiga tarago ko kuwa a yanka su a yi banda a aika Kudu. Kakan Ɗan Ikko yana cikin mutanen ƙasar Kano da suka biyo dogo a zamanin nan. Ya sami fili a unguwar Hausari ya gina gida mai zaure biyu, ya kuma mallaki gonar fadama a bakin ruwa. 'Ya'ya biyu ya bari a duniya, mahaifin Ɗan Ikko da ƙanwarsa, wadda yara ke kira Gwaggo.

A gidan nan Ɗan Ikko ya yi hutu takwas. Kakarsa ta kan tarye shi tun daga soro tana cewa maigidanta ya iso, ina cefane, ta zaunar da shi a kan gadonta, ta dama masa fura da nonon da ba a surka ba. Ba a aikensa, ba a tashinsa da asuba, in ya yi laifi a ce baƙo ne. Abokin yawonsa shi ne ɗan Gwaggo, watau taubashinsa, wanda ya girme shi da 'yan watanni kawai. Shi ya koya masa iyo a kan gora, ya nuna masa yadda ake ciro bado daga cikin ruwa a ɓare a ci, da yadda ake jifan goruba, da yadda ake kama tarwaɗa ba ta soki mutum ba. Lokacin damina ne, ruwa ya cika tafki ya malala cikin fadamu, in yaro ya hau tudu ba ya ganin iyakarsa. In ya koma Agege sai ya shafe wata guda yana ba 'yan ajinsu labari, har malaminsu ya taɓa sa shi ya rubuta shi a allo.

Akwai abu ɗaya da bai lura da shi ba a lokacin, ba kuwa laifinsa ba ne, yaro ne. Duk abin da yake wasa a wurinsa, aiki ne a wurin taubashinsa. Korar tsuntsu a gonar gero, shi ya kan yi ta sa'a guda yana kaɗa gwangwani yana dariya, in rana ta yi zafi ya koma gida. Ɗan Gwaggo kuwa tun kafin fitowar rana yake kan dakali har almuru, kuma in tsuntsu ya yi ɓarna shi za a tuhuma. Kifin da Ɗan Ikko ke kamawa don nishaɗi, na wancan shi ne miyar dare.

Kaka ta rasu a shekarar farin nan na 1984, Allah Ya jiƙanta. Daga nan tafiya ta yanke. Jirgin ƙasa ya lalace ya daina zama abin dogaro, ciniki ya koma kan manyan motoci, uban ya tsufa ya rasu a Agege aka rufe shi a can. Ɗan Ikko ya kama aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa, ya yi aure, 'ya'ya suka zo. Adireshin da yake rubutawa a bayan ambulan ma ya sake, domin Nguru da ya sani a Jihar Borno ta koma Jihar Yobe a shekara ta 1991. Ya kan aika da abin Salla in ya tuna, ya kan yi gaisuwar mutuwa ta waya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, shi kuwa tasa ta koma aljihu, aljihun ma ba kullum ba.

To, sai ga saƙo daga taubashi cewa zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma ba wanda zai ba da ita sai ɗan kawunsa. Ɗan Ikko ya ji daɗin girmamawar nan ƙwarai. Ya ɗinka manyan riguna biyu, ya sayi akwatin atamfa, ya ce wa babban ɗansa, saurayi mai shekara ashirin wanda Hausarsa ta cakuɗe da Yarbanci, ya shirya ya zo ya ga aljannar duniya. Jirgin sama suka shiga zuwa Kano, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba, sa'an nan mota ta bi da su ta Haɗeja. Kafin la'asar suna Nguru.

Bai yarda a wuce da shi gida ba sai da aka biya tasha. Ƙarfen nan da ke ƙarshen dogo yana nan inda ya bar shi, amma ran nan babu jirgi, babu ɗan dako, awaki ne ke kiwo tsakanin layuka, rumbunan kamfani kuma wasu sun zama shaguna wasu sun zama kango. Saurayin ya dubi uban, ya dubi tashar, bai ce kome ba. Sababbin hanyoyin jirgi da aka yi a 'yan shekarun nan, ta Abuja zuwa Kaduna a 2016 da ta Ikko zuwa Badun a 2021, da wadda aka ɗora harsashinta daga Kano zuwa Maraɗi, babu wadda ta fuskanci wannan gari. Amma kada mai karatu ya zaci Nguru ta mutu. Ta ninka girmanta na da, kasuwarta na ci, babura masu ƙafa uku sun cika titi, akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya. Garin da Ɗan Ikko ya zo nema ne kaɗai babu.

Gidan kuwa ya ƙanƙance a idonsa, kamar yadda gidajen ƙuruciya suka saba yi wa mai komawa. Zauren da yake gani kamar fada, sai da ya sunkuya kafin ya shiga. Gwaggo tana zaune a kan tabarma, idonta ya yi rauni, ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta kira sunan yayanta, ta yi kuka. Taubashi kuwa, wanda furfura ta riga ta cika masa gemu, bai ko bari an gama gaisawa ba ya miƙa hannu ya ce, "Maraba da mutanen Kurmi. Kuɗin sharata na shekara arba'in, a ƙirgo mini kafin a ba ka ruwa." Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, kowa ya san ɗan namiji ke biyan ɗan mace kuɗin shara in shekara ta kewayo. Ɗan Ikko ya nemi ɗakin Kaka, sai aka nuna masa wani fili da aka ɗaure tumaki a ciki. Ruwan 2022, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Jigawa da Yobe, shi ya kayar da shi.

Kashegari da sassafe ya ce a kai shi bakin ruwa. Nan ne ya fi daɗewa a tsaye. Ruwa yana nan, har ya fi yadda ya zata a watan Disamba, amma ba a ganinsa. Wata ciyawa ce mai tsawon da ya wuce mutum ta rufe shi, kore shar a gindi, busasshiya a sama, ta tafi iyakar ganin ido. Mashigin da suke wanka yana can cikinta. Mai kwale-kwale sai ya bi ta wani ɗan lungu da aka sare, kamar mai bin hanyar ɓera. Sunanta kacalla, kuma duk wanda ke zaune tsakanin Haɗeja da Gashuwa, manomi ne ko masunci ko makiyayi, ba ya bukatar a gaya masa ko mece ce.

Yadda ta sami gindin zama abin a tsaya a bayyana ne, domin mutanen birni da yawa suna zaton fari ne kaɗai ya ɓata wannan yanki. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Calawa suka haɗu. In ya wuce Haɗeja sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, ya rarrabu hannu hannu. Ɗaya daga cikin hannuwan, wanda ake kira Marma, shi ke zuba a tafkin Nguru, sauran kuma su gangara su haɗu da kogin Jama'are su zama kogin Yobe mai tafiya Tafkin Cadi. Tun kaka da kakanni tsarin ruwan nan ɗaya ne. Da damina ya zo da ƙarfi ya share hanyarsa, ya malale fadamu, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da rani ya janye, ƙasa ta bushe, a shuka wake da sauran kayan rani a kan laima, Fulani su shigo da shanu. Gona ɗaya ta kan ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

A shekara ta 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. An yi su ne don noman rani da ruwan sha na birnin Kano, kuma ba mai musun cewa Kadawa da Kura sun ci moriyarsu. Amma a ƙasa abin ya juye. Ambaliyar damina ta rage ƙarfi, ba ta iya share yashi da laka daga hanyoyin ruwa, da rani kuma ana sako ruwa kaɗan kaɗan, hanyoyin da suka saba bushewa suka daina bushewa. Kacalla ba abin da take so irin ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta kafu, ta tare laka, laka ta ƙara mata wurin zama, har wasu hannuwan kogin suka toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata Marma, ya kwanta a kan gonakin da a da yake ziyarta ya tafi, alhali kuwa garuruwan da ke kan hannuwan da suka toshe suna kukan rashinsa. Wani na kuka da yawa, wani na kuka da babu, duk a kogi ɗaya. Bugu da ƙari cikin kacallar nan jan-baki ke kwana, ya fito da safe kamar hadari ya sauka a kan shinkafa da gero, ga sauro, ga katantanwar da ke kawo tsargiya.

Watau ruwan da Ɗan Ikko ya yi iyo a cikinsa yana yaro, tun a lokacin an riga an ɗaure shi a Tiga. Abin da ya ɗauka dawwamamme ne, ƙarshensa ya tarar.

Duniya ba ta jahilci wurin nan ba. Tsuntsayen ƙasashen Turai su kan ƙetare Sahara su yi hunturu a cikinsa tare da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na gida. Saboda su aka kafa wani shiri na kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona ya gan su a 1989, kuma a shekara ta 2000 tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. An yi taruka, an kawo injunan yanka ciyawa, ƙauyuka sun yi gayya da lauje da adda. Ana sare ta, tana tsirowa. Taubashi ya ce shi dai bai taɓa ganin takardar da ta shiga ruwa ta riƙe lauje ba.

Biki ya yi kyau, ba abin da za a ce. An yi kamu, an sa lalle, mata sun cika gida har maƙwabta. Ran Asabar da hantsi aka taru a ƙofar gida, dangin ango Mangawa ne, suka zo da yawansu. Wakilin ango ya nema, Ɗan Ikko cikin babbar riga ya ce ya bayar, aka ambaci sadaki aka miƙa, liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, aka raba goro da dabino da alawa. Tsofaffin unguwa suka yi ta zuwa suna riƙe hannunsa suna cewa ga kamannin ubansa. Da dare aka kai amarya. Ya kwanta yana jin cewa ya sauke nauyin shekara arba'in a yini ɗaya.

Ran Lahadi bayan sallar isha, da baƙi suka ragu, Gwaggo ta aika a kira shi ɗakinta. Ya tarar da taubashi a zaune, da limamin unguwa, da wani dattijo maƙwabci. Nan ya gane cewa walicci ba don girmamawa kaɗai aka ba shi ba.

Maganar ita ce, tun rasuwar kakansu ba a raba gado ba. Gida da gona suna nan da sunan mamaci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Ɗan Ikko, domin sau uku taubashi yana tayar da ita. Na fari cikin wasiƙa, bayan rasuwar kawunsa. Na biyu sa'ad da wani ɗan kasuwa ya nemi sayen gefen gidan da ke bakin hanya don ya gina shaguna, kuɗin da zai isa a tayar da sauran ɗakunan da bulo da siminti. Na uku bayan ɗakin Kaka ya faɗi. Duk sau ukun amsa ɗaya Ɗan Ikko ya bayar a matsayinsa na babba a ɗakinsu, cewa gidan Kaka ba a taɓa shi, ba a sayar da ko taki ɗaya, a bar shi yadda yake don 'ya'ya da jikoki su san asalinsu. Ya kan faɗi haka da zuciya ɗaya, har ya kan ji kansa mai riƙon zumunci.

Liman ya ɗauki takarda ya yi lissafi a gabansu. Namiji ɗaya da mace ɗaya mamacin ya bari, rabon matarsa kuma ya komo kansu bayan rasuwarta, saboda haka kashi biyu cikin uku na mahaifin Ɗan Ikko ne, kashi ɗaya na Gwaggo. Shi kuma mahaifin ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya maza biyar da mata huɗu. In aka fitar da tumunin matan, aka raba saura, abin da ya faɗo wa Ɗan Ikko shi ne kashi ɗaya cikin goma sha biyu na gidan. Gwaggo ta ninka shi sau huɗu. Mai kashi ɗaya cikin goma sha biyu, wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin kwano a Agege, shi ya hana mai sulusi gyara ɗakin da take kwana a ciki.

Taubashi bai ɗaga murya ba, wasan ma ya ajiye shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, kai hutu ka yi a gidan nan, ni zama na yi. Duk damina ni ke yaɓe, ni ke tare yoyo. Ba na iya zuba siminti a ƙasar da ban san inda rabon uwata ya tsaya ba, gobe wani yaro da ban taɓa gani ba ya zo daga Ikko da takarda ya ce ɗakinsa ne. Gonar fadama shekara uku ina sare kacalla, ruwa iya ƙirji, cikin sanyi, matsattsaku na shan jinina, na kwato abin da bai kai rabinta ba. In na kwato duka, biyu cikin uku naku ne. Ban ce ku ba ni ba. Na ce a auna, kowa ya san nasa."

Gwaggo ta ce, "Ɗan yayana, uwata da kake tunawa ba ta cikin katangar nan, tana maƙabarta. Ni ce ke ciki. Ina so in san ɗakina kafin a fitar da ni daga cikinsa, don kada in bar wa yaron nan shari'a da 'yan'uwansa."

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci ga masu karatu na zango. Mutumin da ke nesa ya fi kowa son a bar gidan gado yadda yake, domin shi ba ya biyan kome a kan wannan so. Hoto ne a zuciyarsa, hoto kuwa ba ya yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Shari'a ba ta ce a jinkirta rabon gado don marmarin ƙuruciyar wani ba, malamai kullum suna gargaɗi a kan haka, domin jinkiri ba ya tsayar da mutuwa, gado sai ya hau kan gado. Magada biyu sun zama goma sha, goma sha za su zama hamsin, kuma na hamsin ɗin ba su sha furar Kaka ba, ba su san Gwaggo ba, kuɗi kaɗai za su gani. Kotunan Kano da Zariya da Katsina cike suke da irin wannan shari'a, inda jikoki ke tsayawa gaban alƙali a kan gidan da kakanninsu suka kasa rabawa don kunya. Sau da yawa ƙarshenta a sayar da gidan duka ga bare, wanda ya yi shekara hamsin yana shararsa ya fita da buhunan kayansa.

Ba a ce Ɗan Ikko mugu ba ne. Ƙaunar da yake yi wa gidan nan gaskiya ce, kuma shi kaɗai ne cikin 'yan ɗakinsu ya san hanyar garin. Tsoronsa ma yana da tushe, domin ya san ƙannensa. In aka ce rabo, akwai waɗanda za su ce a sayar a aiko musu da kuɗi, Gwaggo kuwa ba ta da abin da za ta fanshi kashi biyu cikin uku. Hanin da ya yi ya tsare gidan daga wannan, amma ya tsare shi ne kamar yadda kacalla ke tsare ruwa.

Ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki sai ya ce nasa kason, na gida da na gona, ya ba Gwaggo kyauta, liman da dattijo su shaida. Liman ya ce an shaida, Allah Ya saka, amma ya tuna masa cewa bakinsa a kan nasa kaɗai yake da iko. Sauran sai kowane magaji ya faɗa da bakinsa ko ya aiko da wakilci a rubuce, in kuwa akwai marayu ƙanana a ciki, ba mai ikon kyautar da rabonsu. Aka shiga ƙirga. Biyu daga cikin ƙannensa sun rasu sun bar 'ya'ya, ɗaya daga cikin matan uban ta rasu ta bar 'yan'uwa. Saurayin nan ɗansa, wanda tun zuwansu bai ce uffan a kan garin ba, shi ya karɓi alƙalami ya yi ta rubuta sunaye, yana tambayar Gwaggo wane ne ya haifi wane, tana gyara masa Hausa tana dariya. Sunaye suka kai ashirin da uku.

Ran Talata suka kama hanya. Taubashi ya rako su tashar mota da buhun busasshen kifi da ƙullin goruba, ya ce kuɗin shara dai har yanzu bai ga ko kwabo ba. Ɗan Ikko ya ba shi abin da ya rage a aljihunsa don a sayi kwano, ya ƙi karɓa, ya ce a fara kawo takardu tukuna, shi ba ya kafa ƙusa a kan kashi goma sha biyu.

Cikin sunaye ashirin da ukun nan, goma sha ɗaya suna Ikko, wasu suna Badun da Fatakwal, ɗaya tana aure a Kwatano, biyu kuma ba wanda ke da lambarsu. Ya zuwa lokacin da aka rubuta wannan, mutum bakwai sun sa hannu, uku sun ce sai an gaya musu nawa gidan zai yi a kasuwa. Ruwan farko a Nguru ya kan sauka wajen watan Yuni, ɗakin Gwaggo kuwa ta gefen gabas da leda aka rufe shi.